Abincin Sinawa Ya Iso Sabo: A Ci Ko A Bari?



Wannan karo ba zancen goro ko farashin dala na zo da shi ba. Zancen ciki ne, kuma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kusan wata shida ke nan da buɗe wani gidan abincin Sinawa nan kusa da unguwa, irin wanda ba a cika zama a ci a can ba, sai dai ka buga waya a kawo maka, ko ka je ka karɓa a roba ka wuce. Tun daga lokacin babura masu akwati a baya suke ta safa da marwa a layukanmu. 'Yan canji sun zama manyan kwastomomi, samari sun mai da shi abin burge 'yan mata, har masu sabon aure ma na ji an ce da shi ake yi wa amarya lallashi. Tambaya kuwa ta yi yawa a bakin masallaci. Wannan ya ce, "Malam, ya halatta kuwa?" Wancan ya ce, "Alhaji, akwai daɗi, ko dai suna ne kawai?"

Ba zan kama sunan wurin ba. Duk mai waya a Sabo ya san shi, kuma wannan mujalla ba allon talla ba ce, ba kuma wurin ɓata wa mutum sana'a ba. Ga dai hukuncina a taƙaice ga mai sauri: mai girkin ya iya hannunsa, masu karɓar oda ba su san darajar lokacin mutane ba, sannan akwai abubuwa a cikin takardar abincinsu da bai kamata Musulmi ya ci ba a yadda ake dafa su yanzu. Wanda yake da lokaci ya biyo ni, zan kawo hujja.

Kafin in sa komai a bakina sai da na je da ƙafata na nemi a nuna mini kicin, domin gani ya kori ji. Bayan haka ne na yi oda sau bakwai a cikin wata biyu, da kuɗina, ba kyautar kowa ba.

Yadda Sinawa suka matso kusa

Ba abin mamaki ba ne a ga irin wannan wuri a Badun. Kamfanin Sinawa na CCECC ne ya shimfiɗa sabon layin dogo daga Ikko zuwa nan, mai tsawon kimanin kilomita 157, wanda aka ƙaddamar ranar 10 ga Yuni, 2021, tasharsa tana can Moniya. Wayoyin da ke aljihunmu, har atamfa da shaddar da da yawanmu ke sayarwa, mafi yawa daga can suke. 'Yan kasuwarmu na Kano da Ikko sun mai da Guangzhou kamar Kantin Kwari. To wanda ya shiga shagonka ya shiga aljihunka, wata rana zai shiga tukunyarka.

Mai wurin Basine ne, dattijo mara yawan magana. Manajan wata mata ce Bayarbiya, ita ce ta yi mini tafinta. Masu girki uku ne, babbansu Basine, biyu 'yan ƙasa da suka koya a hannunsa. Gaskiya ɗaya ce, ba su yi mini rowar gani ba. Matar ta ce, "Alfa, shigo ka duba, ba abin da muke ɓoyewa." Wannan kaɗai abin yabo ne, domin na san gidajen abinci namu na gida da in ka nemi leƙa bayan labule sai a tambaye ka ko kai duba-gari ne.

Abin da na gani a kicin

Wuri ne mai tsafta. Ƙasa a goge, ruwa yana gudu a famfo, kowa da hula a kansa, firji biyu suna aiki, akwai janareta in Nepa ta ɗauke. Kasko uku ne manya na ƙarfe masu zurfi, a kan wutar gas mai ƙarfin gaske, tana huci kamar zugar maƙera. A wannan wuta sirrin girkinsu yake: ana yanka komai ƙanana, a watsa a mai mai zafi, a juya minti biyu ko uku a sauke.

Amma tsafta daban, tsarki daban. Abu huɗu na tambaya.

Na farko naman alade. Suna sayar da shi, kala biyu a takarda. Kada wannan ya ba kowa mamaki, kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar Sin ake cin sa. Sun ce kasko ɗaya aka ware masa. Haka ne, na ga kaskon. Sai dai ludayi ɗaya ne yake yawo tsakanin kaskon uku idan oda ta yi yawa, katakon yankan nama ɗaya ne, sannan babbar tukunyar man suya, wadda ake tsoma abu ya nutse, ita ma ɗaya ce ga kowane irin nama.

Na biyu giya. Akwai wata giyar shinkafa da ake kira Shaoxing, sunan wani gari ne a lardin Zhejiang, wadda Sinawa ke girki da ita don kashe ƙarnin nama. Na ga kwalbarta a gefen murhu, kuma ba su musa ba. Ga inda gizo ke saƙa: tun da safe ake yanka naman sa da na kaza a jiƙa su da wannan giya da sitaci da ruwan waken suya, a ajiye a firji. Saboda haka wanda ya bugo waya da yamma ya ce "kada a sa mini giya", za a ce masa to, kuma ba ƙarya aka yi masa ba, ba za a ƙara ba a kasko. Amma naman ya riga ya sha tun hantsi.

Na uku yanka. Naman sa a hannun mahautanmu suke saye, na san mutumin da ke kai musu, Musulmi ne, yankan mayankar Amosun ne. Wannan babu matsala. Kaza kuwa a daskare take zuwa a kwali, kuma da na tambayi wane ne yake yankawa, manajar ba ta iya ba ni amsa ba. Gwamnati ta daɗe da hana shigo da kajin ƙanƙara daga waje, amma kowa ya san suna shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano, don haka kwali mara bayani ba abin sakankancewa ba ne.

Na huɗu romo. Duk miyarsu ta ruwa da romon ƙashin wannan kazar ake haɗa ta. Hukuncin romo kuwa hukuncin naman ne.

Abin da muka karanta a gaban malamai

Ni ba mufti ba ne, ɗan kasuwa ne da ake turawa gaba idan liman ya yi tafiya. Amma wannan mas'ala ba mai zurfi ba ce, tana cikin abin da muka karanta tun muna Islamiyya. Haramcin naman alade da mushe yana cikin Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3. Aya ta 5 a Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, shi ya sa yankan maƙwabcinmu Kirista yake da nasa hukunci. Amma kazar da ba wanda zai iya gaya maka ko yanka ta aka yi ko inji ne ya kashe ta, wannan shubuha ce, kuma barin shubuha shi ne kariyar addini.

Game da kasko, akwai hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani a Bukhari da Muslim, inda ya yi tambaya kan kwanukan mutanen da suke zaune a cikinsu, aka ba shi amsa cewa in akwai wasu a yi amfani da su, in babu a wanke waɗannan a ci a ciki. Ƙarfe yana wankuwa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya bambance mana: tukunyar ƙasa da najasa ta ratsa ba ta tsarkakuwa, haka man da najasa ta gauraya da shi, haka naman da aka dafa da najasa. To kun ga, kaskon ƙarfe in an wanke shi ya tsarkaka, amma man da aka soya alade a ciki babu wankinsa, naman da ya sha giya ya dahu da ita shi ma babu. Masu cewa ai wuta tana ƙona giyar, ko da ta ƙone duka, a mazhabarmu ba maye kaɗai ake dubawa ba, ita kanta giyar najasa ce.

Jatan lande da ƙaguwa da duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne a wurin Malikiyya, ba sa buƙatar yanka. Ruwan waken suya, wannan baƙin ruwa mai gishiri, ana yin sa ne da waken suya da alkama da gishiri a bar su su yi tsami, kusan yadda ake daddawa. Ba ya sa maye, kuma ni ina cin sa. Wanda ya bari don tsantseni ba zan yi masa musu ba.

Kada kuma wani ya tashi daga nan ya ce abincin Sinawa duk haram ne. A ƙasar Sin akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui sama da miliyan 11 a ƙidayar 2020, ban da Uyghur na Xinjiang. Masallacin Huaisheng da ke Guangzhou yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Taliyar Lanzhou mai romon naman sa, wadda ake ja da hannu, girkin Musulmi ce, kuma ta cika biranen ƙasar. Suna da kalmarsu ta halal, qingzhen, ita ake rubutawa a ƙofar shago. 'Yan kasuwarmu da ke sauka a unguwar Xiaobei a irin waɗannan shaguna suke ci. Ashe girkin Sinawa ba tare da alade da giya ba abu ne da Sinawan da kansu suka sani ɗaruruwan shekaru. Da manajar ta fassara wa mai wurin wannan kalma sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ya gane abin da nake nufi.

Daɗin baki

Abin da na ci, na ci ne bisa sharaɗi: a wanke kasko da ludayi, a sa sabon mai daga galan, ba giya. Sun yarda, kuma sau biyu na tsaya ana yi a gabana.

Soyayyar shinkafa da ƙwai da jatan lande ita ce sarauniyar gidan. Kowace ƙwaya a warware take, ba ta cakuɗe ba, ba ta yi iyo a mai ba, kuma akwai wani ɗan ƙamshin wuta da ba za ka same shi a shinkafar biki ba. Yabon gwani ya zama dole. Tamu soyayyar shinkafa ta 'yan Najeriya kori ne yake ba ta launi, ita wannan babu kori, ƙwai ne da lawashi da ɗan man riɗi.

Turararren kifi da citta da lawashin albasa ya zo na biyu. Ƙarfasa ce sabuwa, ba ƙarni, tsokar tana rabuwa da ƙaya da kanta. Ga tsofaffi da masu hawan jini da aka hana mai, wannan ya dace, in an ce a rage ruwan waken suya saboda gishiri. A kula, shi ma a kan yayyafa masa giya lokacin turarawa, amma da yake a lokacin ake sawa, in ka hana za a bari.

Naman sa da tattasai da albasa na buga waya tun ƙarfe tara na safe na ce a ware mini nawa kada a jiƙa shi da giya. Aka yi, kuma ya yi laushi kamar hanta. Wannan ya nuna mini cewa giyar ba ita ce ginshiƙin girkin ba, sitacin ne da zafin wuta. Abin da aka iya yi wa mutum ɗaya ana iya yi wa unguwa.

Taliya kuwa sai a hankali. Sau biyu na gwada, sau biyu ta zo a lugwigwice, ga mai kwance a ƙasan roba. Taliyar kwali ce, ba ta hannu ba, kuma tana ci gaba da dahuwa a cikin roba a hanya. Mai shayin bakin titi da Indomie ɗinsa da ƙwai biyu ya fi su iya wannan. Ita Indomie ma, don masu cewa abincin Caina ce, asalinta daga Indonesiya take.

Miyar zaƙi da tsami da ake zuba wa kifi ba ta shige ni ba. Ja ce jawur, sukari ya yi mata yawa, kamar an narka alewa an zuba wa kifi. Yaran gida sun lashe roba, manya sun ture. Yaji kuwa babu. Mutumin Sabo da ya saba da yajin tsire zai ji kamar an manta da wani abu. Suna da wani man barkono mai kyau, amma sai ka roƙa, kuma ɗan mitsitsi ake ba ka.

Abin da ake tsomawa a tukunyar mai, da kaza, da miyar ruwa, ban ci ba, don haka ba zan yi musu hukuncin daɗi ba.

Awo da farashi

Robar shinkafa ɗaya da kifi ɗaya, da kuɗin kawowa, za su saya wa mutum huɗu amala da ewedu da nama a Mokola, har a samu canji. Ban ce sun yi zalunci ba. Jatan lande yana da tsada, gas yana da tsada, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ba abin da ya zauna a inda yake. Amma abincin marmari ne, ba na magidanci mai baki goma ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne bambancin hoto da abin da ke cikin roba. A hoton da suke turawa ta WhatsApp jatan lande ya rufe shinkafa. A robata na ƙirga biyar ran farko, wata rana huɗu, wata rana bakwai. Ni mai awo ne, na san abin da ake nufi da mudu. A fiƙihunmu sayen abin da ba ka gani ba bisa siffa ya halatta, amma in kaya suka zo ba bisa siffar ba, mai saye yana da zaɓi. Sura guda aka saukar kan masu tauye mudu. Ba sai mutum Musulmi ba ne zai gane cewa abin da ka nuna shi za ka bayar. Ku ce guda shida ne, ku riƙa sa shida, an gama magana.

Kawo saƙo

Nan ne rigar tasu ta yage. A waya kullum amsa ɗaya ce: minti talatin. A cikin oda biyar da aka kawo mini gida da shago, ɗaya ce ta zo cikin minti 35. Biyu sun kusa awa ɗaya. Ɗaya ta wuce awa. Ta ranar Juma'a da yamma, da aka yi ruwa, sai da ta yi awa ɗaya da minti 40, ta iso ana kiran isha'i, shinkafa ta huce, miya ta zube a leda. Babu wanda ya kira ya ce an samu jinkiri. Ni ne na kira sau uku, kowane kira a ce mini ya taso.

Ruwan sama ba laifin kowa ba ne, cunkoson shataletalen Mokola ma haka. Laifin shi ne alkawarin da ka san ba za ka cika ba. Ka ce mini awa ɗaya, ni ne zan zaɓa in jira ko in aika a sayo mini masa. Wani maƙwabcina mai ciwon sukari ya yi allurarsa yana jiran abincin minti talatin. Da 'yarsa ba ta dama masa kunu ba da labari ya sha bamban. Wannan ba wasa ba ne.

Sai zancen tiransifa. Ba sa ɗora kasko sai sun ga alat, kuma ban ga laifinsu ba. Amma in kuɗi sun fita daga asusunka ba su gani ba, babu mai kiran ka, sai ka gaji da jira ka bugo sannan a gaya maka. Sau ɗaya kuma aka kawo mini odar wani, da na buɗe na ga kaza. Sun canza ba gardama, sun ba da haƙuri, amma ku duba haɗarin: a gidan da ake sayar da alade, musayar roba ba ƙaramin abu ba ne. Robobin duk iri ɗaya ne, babu rubutu a kan ko ɗaya.

Shi kansa yaron da ke kawowa ba ni da ƙorafi a kansa. Yana da ladabi, yana cewa "Baba, a yi haƙuri" tun kafin ya sauka daga babur. Babur biyu ne kacal ga dukan wannan yanki, to ina zai kai? Sana'ar kai abinci gida ba mai sauƙi ba ce, manyan kamfanoni irin su Jumia Food da Bolt Food ma sun rufe wannan harka a Najeriya a ƙarshen 2023. Amma wahalar sana'a ba ta halatta ƙarya ba.

Zancen lafiya

Soyayyar shinkafa da shinkafar da ta huce ake yin ta, shi ya sa take warwarewa. A nan haɗarin yake. Akwai wata ƙwayar cuta a shinkafa da dafuwa ba ta kashe ƙwanta. In aka bar dafaffiyar shinkafa a waje cikin zafi irin namu na tsawon sa'o'i, sai ta hayayyafa ta fitar da guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. Alamarta amai ne cikin 'yan sa'o'i. A kicin ɗinsu a firji na gan ta, madalla. Amma mu da muke ajiye sauran roba a kan tebur tun azahar a ɗumama wa yara da dare, mu kiyaye. In ta wuce awa biyu a waje, a haƙura da ita.

Farin magi suna sawa, ba su ɓoye ba. Masu cewa da shi ake wanke tufa don haka guba ne, ai da gishiri ma ana cire tabo. Wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908, kuma irinsa yana cikin tumatir da daddawarmu. Hukumomin lafiya ba su hana shi ba. Abin tsoro shi ne gishirin da ke tare da shi da na ruwan waken suya, ga mai hawan jini.

Wani lokaci suna zuba abinci mai zafi da mai a farar robar nan mai kama da soso, wadda jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Ita ce take toshe mana kwatami in damina ta zo. Suna da roba mai murfi mai kyau, su tsaya a kanta.

Namu tudun

Laifi tudu ne. Yaron ya gaya mini akwai layukan da ba ya son shiga a Sabo, domin za a yi oda a kashe waya, ko a bar shi a rana minti ashirin, ko a ce masa "gidan Alhaji mai jan get" alhali layin Alhazai shida ne masu jan get. Wasu matasa kuma sai an kawo su fara neman ragi. Wannan cin haƙƙin ɗan mutane ne, shi ake cire wa a albashi.

Sannan ga abin da ya fi damuna. An kafa Sabo a 1916, kuma kai abinci har ƙofa ba Sinawa suka koya mana ba. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar nan a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafi a 1969, ya rubuta yadda matan aure a cikin kulle suke dafa abinci yara suna kai wa baƙi da gwauraye, da yadda masu gida suke ciyar da fataken shanu da na goro da suka sauka a wurinsu. Da wannan sana'a iyayenmu mata suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Yau ɗan canji da ya saba aika yaro gidan Hajiya ya karɓo tuwon shinkafa da miyar taushe, ya koma danna waya. Ba don tuwon ya rage daɗi ba. Don can akwai lamba, akwai hoto, akwai farashi a rubuce, akwai roba mai murfi.

Mutanen Badun daga Bodija da Ring Road da Challenge suna shigowa Sabo da dare don tsire da kilishi da masa. Sunan muna da shi. Me zai hana samarinmu masu babur su haɗa kai da iyayenmu masu tuwo da dambu da fura, a buga farashi, a sa lamba ɗaya, a riƙa kaiwa? 'Yan matanmu ƙanana ma sai su huta da talla su zauna a makaranta. Idan kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi.

Hukunci

Ga masu ci: farar shinkafa, soyayyar shinkafa da ƙwai ko jatan lande, turararren kifi, da soyayyen ganye, a ci, amma a faɗa da baki cewa a wanke kasko da ludayi, sabon mai, ba giya, ba romo. Naman sa, sai in an buga waya tun da safe an ware. Kaza, da miyar ruwa, da duk abin da aka tsoma a tukunyar mai, a bari har sai sun gyara. Wanda zai iya zuwa ya karɓa da kansa ya fi, abinci zai zo da zafi kuma idonsa yana kan kaskonsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da gidan da ake dafa alade ba gaba ɗaya, ya bari, bai yi asarar komai ba, kuma kada ya zagi wanda ya ci bisa sharaɗi.

Ga masu wurin, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku sayi kaza a hannun mai yanka da aka sani, suna nan birjik a Sabo da Bodija. Ku daina jiƙa nama da giya, kun riga kun nuna yana yiwuwa. Ku ware ludayi da katako da tukunyar mai, ko ma ku cire aladen daga takarda, kala biyu ne kawai, kuma kwastomomin da za ku samu a Sabo da cikin Yarbawa Musulmi sun fi waɗanda za ku rasa. Ku rubuta suna da abin da ke ciki a kan kowace roba. Ku faɗi lokacin gaskiya, in an makara ku kira.

Na karanta wa manajar waɗannan abubuwa kafin in miƙa rubutun nan, domin ba na son mutum ya fara jin laifinsa a bakin duniya. Ta ce rubutu a kan roba za a fara nan take, sauran sai ta zauna da oga. Bayan Babbar Salla, in Allah Ya kai mu, zan koma kicin ɗin, kuma abin da na tarar, gyara ko akasinsa, za ku karanta shi a wannan shafi.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.